Kumburin Nono da Sankarar Mama Mai Kumburi: Kama da Wane Ba Ta Wane

Gabatarwa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya a sami gidan da ba a taɓa ganin mai jego tana fama da ciwon nono ba. Nono ya kumbura, ya yi nauyi, ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya rufe ta, bayan 'yan kwanaki kuma abin ya lafa, ta ci gaba da shayar da jaririnta. Saboda yawan ganin haka, jama'a sun saba ɗaukar kowane kumburin nono a matsayin abu guda, kuma akasarin lokuta suna da gaskiya. Sai dai akwai wata cuta, wadda ba ta da yawa, amma takan zo da kamannin wannan ciwo da aka saba da shi. Ita ce ake kira sankarar mama mai kumburi, wadda likitoci kan taƙaita sunanta da haruffan IBC.

Rashin sanin bambancin waɗannan cututtuka biyu yakan haifar da ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce sakaci, inda mace za ta yi watanni tana gasa nono da ruwan zafi, tana shan magungunan kemis, alhali abin da ke damunta sankara ce mai saurin yaɗuwa. Ta biyu kuwa ita ce firgita, inda yarinya 'yar makarantar sakandare za ta ji labarin cutar a rediyo ko ta karanta a intanet, ta ga ɗan canji a jikinta, ta kwana ba barci, ta kuma ɓoye abin don kunya da tsoro. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda nono yake, da yadda wannan sankara take aiki a cikinsa, da kuma ma'aunin da ake bi a rarrabe ta da ciwon nono na yau da kullum. Ma'aunin nan bai wuce abu biyu ba, wato ƙidayar kwanaki da gwajin tsoka a asibiti.

Ginin Nono da Magudanansa

Nonon mace baliga ya ƙunshi sassa 15 zuwa 20 masu samar da ruwan nono, an jera su kewaye da kan nono kamar yadda ɓarorin lemo suke a jere. Kowane sashe yana da 'yan ƙananan jakunkuna inda ake haɗa ruwan, da kuma bututu mai kai shi zuwa kan nono. Kitse ne ya cike tsakanin waɗannan sassa, kuma yawan kitsen ne ke sa nonon wata ya fi na wata girma. Akwai kuma wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure fatar nono da naman da ke ƙarƙashinta, waɗanda wani likitan Ingila mai suna Astley Cooper ya bayyana a shekarar 1840.

Abin da ya fi shafar darasinmu shi ne hanyoyin ruwa. Kowane ɗalibin ilmin halittu ya san jijiyoyin jini. Amma ban da su akwai wasu siraran magudanai a ko'ina cikin jiki. Yayin da jini ke ratsa ƙananan jijiyoyi, wani ɓangare na ruwansa yakan tsattsafo ya jiƙa nama, ya kai masa abinci. Wannan ruwa ba zai zauna a nan ba, dole a kwashe shi a mayar cikin jini. Magudanan da ke wannan aiki su ake kira jijiyoyin limfi, ruwan da suke ɗauka kuma ruwan limfi. A kan hanyarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu kama da wake, masu tace ruwan da kama ƙwayoyin cuta. Su ne Bahaushe ya sani da sunan kaluluwa, domin ya lura cewa in mutum ya yi miki a ƙafa sai matsematsinsa ya yi ƙullutu, in a hannu ne kuma sai hammata. A kowace hammata akwai irin waɗannan kaluluwa kimanin 20 zuwa 40, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ruwan limfin nono a can yake bi.

Duk wanda ya taɓa aikin lambu a fadama zai gane wannan tsari. Ana zuba wa fangali ruwa ta wata hanya, rarar ruwan kuma ta fita ta wata. In aka toshe mafitar, aka ci gaba da ban ruwa, sai fangalin ya cika ya jiƙe sharkaf. A riƙe wannan misali, domin shi ne mabuɗin fahimtar cutar da muke magana a kanta.

Mece ce Sankara?

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu idan jiki ya buƙaci haka, ta kuma tsaya idan buƙatar ta biya, sa'an nan ta mutu idan ta tsufa ko ta lalace. Umarnin yin duk wannan yana rubuce a cikin jigidar halitta da ke tsakiyar ƙwayar. Idan kurakurai suka taru a cikin wannan rubutu, sai a sami ƙwayar da ke rabuwa ba tsayawa, ba ta kuma mutuwa a lokacinta. Zuriyarta ta yi ta yawa, ta kutsa cikin naman da ke maƙwabtaka da ita, ta bi jini ko ruwan limfi zuwa wasu sassan jiki. Wannan shi ne ciwon da muke kira sankara, ko daji, ko kansa. Ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka cin abinci ko kwana ɗaki ɗaya da mai shi ba ya da wata illa.

Wani ɗan lissafi zai taimaka a nan. Ƙwaya 1 ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8. In aka yi wannan ninki sau 30, za a sami ƙwayoyi fiye da biliyan 1, wanda shi ne ƙullutu mai faɗin kimanin santimita 1, wato kamar ƙwayar gyaɗa. A daidai nan ne hannu ke fara iya jin sa. In aka ƙara ninki 10 kacal, ƙwayoyin za su haura tiriliyan 1, nauyinsu ya kusa kilo guda. Ma'anar wannan ita ce, lokacin da aka fara lura da sankara ta riga ta daɗe tana girma a ɓoye, kuma daga nan kowane ninki yana da tsada ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a duniya, kuma 670,000 sun rasu ta dalilinta. A Nijeriya, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu cutar fiye da 32,000, da mace-mace fiye da 16,000. Ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin matan ƙasar nan. Maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu ita ba.

Sankarar Mama Mai Kumburi

Yawancin sankarar mama takan fara ne da ƙullutu mai tauri, wanda sau da yawa ba ya ciwo, yana kuma girma a hankali. Wannan shi ne abin da ake yawan faɗakarwa a kansa. Ita kuwa mai kumburi ta saɓa wa wannan. Tun farkon ƙarni na 19 likitan nan Charles Bell ya yi bayanin kamanninta, amma a shekarar 1924 ne wasu likitocin Amurka biyu, Lee da Tannenbaum, suka ba ta sunan da ake kiranta da shi yau. A ƙididdigar Amurka tana ɗaukar kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na dukkan sankarar mama. An sami rahotannin da suka nuna ta fi haka yawa a ƙasashen Afirka ta Arewa, musamman Tunisiya da Masar. Takan kama mata masu ƙarancin shekaru fiye da sauran nau'o'in, kuma ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Ƙwayoyin wannan sankara ba su cika dunƙulewa wuri guda su yi ƙullutu ba. Sukan shiga cikin siraran jijiyoyin limfi na fatar nono, su taru curi-curi su toshe su. Mafitar fangali ta toshe ke nan. Daga wannan toshewa ce kusan duk alamomin cutar suke fitowa, kuma ga su kamar haka.

Na farko, nono guda ya kumbura cikin gaggawa, ya fi ɗan'uwansa girma da nauyi a cikin makonni ko 'yan watanni, domin ruwa yana shiga ba ya fita.

Na biyu, launin fata ya canja a sulusin nonon ko fiye. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce fata ta yi ja. Wannan bayani yana iya ruɗar mu, domin a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi shuni-shuni kamar an buge, ko ya riƙa sheƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta nonon biyu a cikin hasken rana.

Na uku, fata ta yi kauri, ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Dalili kuwa shi ne ruwa ya kumbura fatar, amma kofofin gashi da na gumi suna ɗaure da naman ƙasa, ba su iya tasowa tare da sauran fatar. Haka katifa take, ko'ina ya taso in ban da wuraren da aka ɗinke da maɓalli.

Na huɗu, kan nono ya baje ko ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.

Na biyar, nonon ya yi ɗumi, da ƙaiƙayi ko raɗaɗi ko tsami.

Na shida, kaluluwa ta fito a hammata ko a saman ƙashin wuya.

A lura da abu biyu. Sau da yawa ba a jin ƙullutu ko kaɗan, don haka rashin ƙullutu ba shaidar lafiya ba ce idan waɗannan alamomi sun bayyana. Haka kuma zazzaɓi ba ya cikin alamominta na yau da kullum. Likitoci sun kasa sankarar mama mataki huɗu gwargwadon nisan da ta yi. Da yake wannan nau'i ya riga ya shiga fata kafin a gan shi, duk ranar da aka gano shi ana lissafa shi a mataki na uku, in kuwa ya kai ga ƙashi ko hanta ko huhu, to ya shiga na huɗu. Wannan ne ya sa ake ƙidaya jinkirinsa da makonni.

Abubuwan da Suka Fi Yawa

Kafin mai karatu ya tsorata, ya kamata ya san cewa mafi yawan canje-canjen nono ba sankara ba ne. Cikin ƙullutai 10 da ake kai wa likita, kimanin 8 sukan zama marasa haɗari.

Ga 'yan mata, farkon fitowar nono, wato ƙirgar dangi, yakan zo da ɗan ƙullutu mai tsami a ƙarƙashin kan nono, kuma sau da yawa gefe guda yakan riga ɗaya. Nono guda ya ɗan fi ɗaya girma abu ne da aka saba gani har ga manyan mata. Haka nan nonuwa biyu su yi nauyi da tsami kafin jinin al'ada, su saki bayan ya zo, aikin sinadaran jiki ne. Akwai kuma wani ƙullutu mai santsi, mai zillewa ƙarƙashin yatsa, wanda ya fi yawa ga 'yan mata da matasan mata. Likitoci suna kiransa faiburo'adinoma, kuma ba sankara ba ne, ko da yake ya kamata a nuna shi a asibiti don a tabbatar. Samari ma a lokacin balaga nononsu kan ɗan kumbura ya yi tsami, daga baya ya koma. Sankarar mama a shekarun makarantar sakandare abu ne mai wuyar samuwa ƙwarai da gaske.

Ga masu shayarwa kuwa, babban abin da ke kumbura nono shi ne taruwar ruwan nono da shigar ƙwayoyin bakteriya. Wannan yakan sami kimanin mace 1 cikin 10, galibi a makonnin farko bayan haihuwa. Idan jariri bai kama nono da kyau ba, kan nono yakan tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan shi ne bakteriyar da ake kira Sitafilokokas, wadda dama tana zaune a fatar mutum. Alamomin su ne wani yanki na nono ya yi zafi da ciwo mai tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu, tare da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki. Maganinsa shi ne a ci gaba da shayarwa don nono ya riƙa fita, a sha maganin rage raɗaɗi, in ya kama kuma ma'aikacin lafiya ya rubuta maganin kashe bakteriya. In aka bar shi, yakan tara mugunya ya zama ƙurji, wanda sai an zuƙe ko an fasa a asibiti. Tarin fuka ma yakan kama nono jefi-jefi, ya yi kama da sankara, alhali yana warkewa da magungunan tarin fuka.

Shayarwa kanta kariya ce. Wani babban nazari da aka wallafa a shekarar 2002 ya nuna cewa kowaɗanne watanni 12 na shayarwa suna rage haɗarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100. Amma ragewa ba kawarwa ba ce. Mace mai ciki ko mai shayarwa tana iya kamuwa da sankara, kuma ita ce aka fi yi wa jinkiri, domin kowa zai ce ciwon nonon jego ne.

Yadda Ake Rarrabewa

Ido kaɗai ba ya iya raba ciwon bakteriya da sankara mai kumburi a ranar farko, ko da idon ƙwararren likita ne. Abin da ke raba su shi ne yadda kowannensu yake amsa magani. Ciwon bakteriya yakan fara sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3 da fara shan maganin da ya dace. Sankara kuwa maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Saboda haka ga ƙa'idar da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace, ya kuma kai gida:

Idan mai shayarwa ta sha maganin da ma'aikacin lafiya ya ba ta har kwana 7 zuwa 10, amma kumburi da canjin launi da kaurin fata ba su tafi ba, kada a sake sayen wani maganin, a nemi gwaji. Idan kuwa macen ba ta shayarwa, ta ga waɗannan alamomi, to ta je asibiti a makon nan ba tare da jiran komai ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi da za ta taimaka. A zagaye iyakar wurin da launinsa ya canja da biro, a rubuta kwanan wata a takarda. Bayan kwana 3 a duba, an sami raguwa ko wurin ya tsallake layin? A rubuta sunan duk maganin da aka sha da ranar da aka fara shi. Wannan shi ne tsarin kimiyya da ake koyarwa a aji, wato lura da aunawa da rubutawa, kuma takardar za ta amfani likita ƙwarai.

Matar da ke Jabo ko Sanyinna ko Dogon Daji ko Kuchi za ta fara ne da asibitin da ya fi kusa da ita, daga nan zuwa babban asibiti na Tambuwal ko na Kebbe. In likita ya ga alamun da ke buƙatar bincike, zai rubuta takardar turawa zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da sashen binciken tsoka da kuma sashen kula da masu sankara. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga Kebbe kuma ta fi haka. Tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci, musamman da damina lokacin da aikin gona ya riƙe kowa, amma duk watan da aka ƙara, kuɗin magani ƙaruwa yake yi.

A can za a yi bincike hawa uku. Likita zai duba ya kuma taɓa. Za a ɗauki hoto, ko dai sikanin ko kuma hoton nono na musamman da ake kira mamogiram. Sa'an nan a kashe wurin da allura, a ɗebi ɗan tsinken tsoka, wani lokaci har da ɗan guntun fata, a kai ɗakin bincike a duba da madubin likita. Wannan gwaji, wanda ake kira bayofsi, shi kaɗai ne ke tabbatar da sankara ko ya kore ta. Hoto yana iya fitowa ba ƙullutu alhali cutar tana nan, don haka in alamomi sun ci gaba, mara lafiya tana da haƙƙin ta tambayi likita cikin ladabi ko lokacin gwajin tsoka bai yi ba. Wadda kuma take jin nauyin namiji ya duba ta, tana iya roƙon a haɗa ta da ma'aikaciya mace, ko wata 'yar'uwarta ta tsaya tare da ita.

Shin Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Akwai magana da ta yaɗu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya haukace. Wannan magana ta hana mata da yawa zuwa asibiti, saboda haka ya dace a dube ta da idon basira. Waɗanda suka faɗe ta sun ga wani abu na gaskiya, wato sun ga an kai mace asibiti, an yi mata aiki, ba da daɗewa ba ta rasu. Kuskuren yana wajen fassara abin da aka gani. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2016, wanda ya tattara rahotanni daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu sankarar mama ba a gano cutarsu ba sai a mataki na uku ko na huɗu. Mu koma ga lissafin ninki. Wadda aka kai a irin wannan mataki, cutar ta riga ta yi nisa tun kafin ƙarfe ya taɓa ta. Sai jinkiri ya jawo mutuwa, mutuwar ta ƙara wa jama'a tsoron asibiti, tsoron kuma ya haifar da wani jinkirin. A ƙasashen da ake gano cutar a matakin farko, ana yi wa mata allura da tiyata iri ɗaya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara 5.

Abin da ke da haɗari na gaske shi ne tsaga ko ƙaho a kan nonon da ya kumbura, ko shafa masa magunguna masu ƙona fata. Fatar da ruwa ya cika ba ta saurin warkewa, sai wurin ya zama gyambo, bakteriya su samu ƙofa. Wanzamai da ungozomomi mutane ne da jama'a suka amince da su, kuma sau da yawa su ake fara nuna wa. Babban taimakon da za su yi shi ne su gane fatar ɓawon lemo, su ce a tafi asibiti.

Magani

Ana maganin sankarar mama mai kumburi da hanyoyi uku a jere. Ana farawa da magungunan kashe ƙwayoyin sankara da ake sakawa ta jijiya, wato kemo, na tsawon watanni, domin su bi jiki duka, su kuma janye cutar daga fata. Bayan haka a yi tiyata a cire nonon tare da kaluluwar hammata. Daga nan a yi gashi da na'ura, don ƙone ragowar ƙwayoyin da ido bai gani ba. Gwajin tsoka yana kuma nuna halin ƙwayoyin. Waɗanda suke girma da taimakon sinadarin mata na istirojin ana tare su da magunguna irin su tamozifen. Waɗanda ke ɗauke da furotin HER2 da yawa kuma akwai maganin tirastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a shekarar 1998.

A zamanin da tiyata kaɗai ake yi, waɗanda ke kai shekara 5 da wannan cuta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da aka haɗa hanyoyin uku, adadin ya kai kimanin kashi 40 a Amurka. Cuta ce mai tsanani, babu amfanin ɓoye haka, amma wadda aka gano kafin ta bazu, ta kuma kammala magani, tana da rabo mai yawa. Zubewar gashi da amai da kasala da kemo ke kawowa suna wucewa. Yanke magani a tsakiya shi ne abin gudu.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani shiri mai manufofi uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sa'an nan aƙalla kashi 80 su kammala magani. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a wasu asibitoci da suka haɗa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Yana da kyau iyalan mara lafiya su tambayi sashen jin daɗin jama'a na asibitin da suke irin tallafin da ake da shi.

Kammalawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Macen da ta san yadda nononta yake a kullum ita ce za ta fara ganin canji, kuma lokacin da ya fi dacewa ta duba shi ne 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada. A gidaje da yawa na karkara, ɗalibin sakandare shi ne mai karanta takardar asibiti da kwalin magani. Idan Inna ko Gwaggo ko Yaya ta yi ƙorafin nono, ɗaliba tana iya tambayarta cikin ladabi yaushe abin ya fara, ta rubuta ranar, ta ƙidaya kwanaki. Ɗalibi namiji kuma yana iya yi wa Baba ko Kawu bayanin dalilin da ya sa ba a jira sai bayan kaka, tun da izini da kuɗin mota galibi a hannunsu suke.

Aiki Domin Aji

1. Zana nono, ka nuna sassan samar da ruwa, da bututai, da hanyar ruwan limfi zuwa hammata.

2. Malami ya kawo lemo aji. Ɗalibai su dubi ɓawonsa, su bayyana da kalmominsu abin da ke sa fata ta yi irin waɗannan ramuka.

3. Lissafa yawan ƙwayoyin da za a samu daga ƙwaya 1 bayan ninki 10, da 20, da 30. Me wannan yake koya mana game da jinkiri?

4. Kawo bambanci uku tsakanin ciwon nonon mai shayarwa da sankarar mama mai kumburi.

5. Mace mai shekara 38 ba ta shayarwa, nononta na hagu ya kumbura ya yi duhu tun mako 3 da suka wuce, ba ƙullutu, ba zazzaɓi. Wace shawara za ka ba iyalinta, kuma da wace hujja?

6. A raba aji biyu a tattauna maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe: me masu faɗinta suka gani, kuma ina kuskuren fassararsu yake?